Gilashin da na ɓoye wa ƙanwata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, ina gaishe ki, ina gaida masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Daga Matameye nake rubutowa, kuma mu masu hoto a garin ba mu da yawa, amma na gaji da riƙe abin nan a ciki, wanda ya gane ni ya rufa mini asiri. Roƙona ɗaya, a bari in kai ƙarshe kafin a fara zagina. Duk abin da za ku ce mini na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi zafi. Shawara nake nema, kuma kwana huɗu suka rage mini.

Na kusa shekara ashirin ina sana'ar hoto, tun ana kai fim Damagaram a wanko. Ina da ɗan shago kusa da tasha. Da can ba a biki ko suna ba tare da ni ba, har daga Yauri da Dawce ake zuwa ɗaukata a babur. Sai waya ta zo, kowa ya zama mai hoto. Kana tsaye kana aikinka, yarinyar da aka yi sunanta a gabanka za ta ɗaga waya ta ce ka matsa kana tare mata. Abin da ya rage mini shi ne hoton kartin ɗan ƙasa da na takardun makaranta, sai bukukuwan manyan gidaje. Su ma ɗin aka fara cewa namiji ba zai shiga wajen mata ba. Sai in tsaya a ƙofar gida in ɗauki ɗaurin aure, maza cikin manyan riguna sun ɗaure fuska kamar an kawo su gaban alƙali, alhali duk abin da ake son tunawa, lalle da kamu da kwalliyar amarya, yana can cikin gida ana ɗauka da waya a karkace. Ban ce ba su da gaskiya ba, ni ma ba zan so wani ƙato ya tsaya kan matata yana cewa ta juyo ta yi murmushi ba. Amma haushin bai bar ni ba.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira ta Rabi, ba sunanta ba ne. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ta da yara biyu, tana ɗinki a gida tana rufa wa kanta asiri. Ita ta fara gane abin da ni na ƙi ganewa, cewa tunda an hana maza shiga, to mace mai hoto ake nema, kuma babu ita a garin. Takan ɗauki ƙawayenta da waya ta kawo mini in wanke, kuma wallahi tun ranar farko na ga tana da ido. Ta san inda za ta tsayar da mutum haske ya sauka masa daidai, abin da ni na yi shekaru kafin in iya. Kun san me na ce mata? Na ce ba laifi. Iyakar abin da bakina ya iya furtawa ke nan.

Bayan sallar layya ta zo shago ta ce ta yanke shawara, za ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi kyamara ta gaske, irin wadda ake cire mata gilashin gaba a sa wani, kuma ni zan zaɓa mata. Babu dalilin da ban kawo ba. Na ce tana da nauyi, na ce batirinta ba ya jure zafinmu, na ce mutane za su yi magana. Rabi kuwa in ta kafe ta kafe, tun tana yarinya haka take. Innarmu ma ta sa baki, ta ce in ban raka ƙanwata ba wa zai raka ta?

Muka hau mota zuwa Damagaram, wajen wani mai sayar da kyamarori na hannu da na daɗe ina hulɗa da shi. Ya fito mana da guda uku. Ɗaya babba ce irin tawa, ta fi ƙarfin hannunta da na aljihunta. Ɗaya ta sha aiki har maɓallanta sun goge. Ta ukun ƙarama ce, marar nauyi, kusan sabuwa, tare da gilashin da aka ƙera ta da shi, wanda yake buɗewa ya ɗauki ɗaki gaba ɗaya, ya kuma jawo fuska kusa, sannan yana saita hoto da kansa. Duk mai tsoron Allah da aka ce ya zaɓa wa mai koyo, wannan zai nuna ya yi shiru. Rabi ta ɗauka ta leƙa, ta ɗan taɓa maɓallin, ya yi ƙara tit, fuskar mai shagon ta fito tar har ana ƙirga furfurarsa. Ta yi wata dariya da rabona da jin irinta tun kafin rasuwar mijinta. Ni kuma a daidai lokacin na ga duk bukukuwan garinmu suna wucewa ta ƙofar shagona ba su tsaya ba.

Ba zan ɗora wa shaiɗan ba, ni ne. Bari in yi bayani yadda wanda ba mai hoto ba zai gane. Irin ƙaramar kyamarar nan ba ta da injin da ke juya gilashi a jikinta, injin yana cikin gilashin ne. In ka sa mata tsohon gilashi zai shiga daram, zai kuma ɗauki hoto, amma ba zai taɓa saita kansa ba, sai dai ka riƙa murɗawa da hannu kana leƙe ta ƴar ƙaramar taga. Da rana tsaka, mutum yana tsaye cak, za ka iya. A ɗakin amarya mai taga ɗaya, mata suna shiga suna fita, ni kaina sai na zubar da rabin hotunan. Ina da irin tsohon gilashin nan a jakata, na ƙarfe, mai nauyi, kuma ba ya buɗewa, ko mutum uku ba ya ɗauka sai ka ja da baya. Na fito da shi na ce mata, "Wannan na jikinta roba ne, na ƴan wasa. Ga nawa na ƙarfe, shekara goma sha biyar ina aiki da shi, na ba ki gudummawata. Kawo na robar in ajiye." Mai shagon ya buɗe baki ya ce, "Amma Malam, ai wannan…" Na kalle shi, sai ya hau goge tebur. Rabi kuwa idonta ya ciko da ƙwalla, tana ta sa mini albarka. A mota ta tambaye ni me ya sa ta daina yin tit, na ce masu hoto na gaske da hannu suke saitawa. Ni da na manta rabon da in saita da hannu.

Me nake tunani? Na ɗauka wata biyu za ta gaji ta kawo mini kyamarar ta koma ɗinkinta. Da wane keke? Ko wannan ban tsaya na tuna ba.

Yau wata bakwai ke nan, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne yarinyar nan ta ƙi gajiya. Ta ɗauki hoton kaji, ta ɗauki ƴaƴanta, ta ɗauki Inna tana tsintar wake har Inna ta ce za ta fara rufe fuska. Bikin farko da aka ba ta a unguwarmu, ta kawo mini hotunan muka buɗe a na'ura. Amarya ta fito kamar ana kallonta ta cikin labule, kwanukan jeren da ke bayanta kuwa tar, har furen jikinsu ana gani. Ta ce ta yi ta ja da baya don ƙawaye su shiga, har ta ture kular abinci. Ta tambaye ni ina kuskuren, na ce hannunta ne ke rawa, ta riƙa riƙe numfashi. Kun san abin da ta yi? Kullum da safe sai ta cika kofi da ruwa ta miƙe hannu ta tsaya, wai tana koya wa hannunta nutsuwa. Biki na biyu haka, na uku haka. Dangin wata amarya suka gaya mata maganar da ba zan maimaita ba, matan unguwa suka sa mata suna Rabi dishi-dishi. To ni me na samu? Ko aiki ɗaya bai dawo mini ba. Ni dai ina ƙofar gida da maza masu ɗaure fuska, masu hali kuma sun koma ɗauko mata masu hoto daga ƙetaren iyaka. Na kashe wa ƙanwata kasuwa na buɗe wa baƙi.

Ɗaya daga cikin baƙin nan ce ma ta kusa tona ni. Sun haɗu da Rabi a wani biki, ta karɓi kyamarar ta juya ta, ta ce wannan gilashin ai ba ya tafiya da wannan kyamarar, wa ya haɗa miki? Washegari Rabi ta shigo shagona tana huci. Ta ce, "Yaya, ka ji ƴar rainin wayo, wai gilashinka ne bai dace ba. Na ce mata lokacin da yayana ya fara hoto ke ko rarrafe ba ki fara ba." Tana maganar, gilashinta na asali yana cikin aljihun tebur, gwiwata tana taɓa shi. Wace dama ce ta wuce wannan? Ai sai in ce kawo mu gwada ɗayan mu gani, shi ke nan. Amma na buɗe baki na ce ta rabu da ita, hassada ce. Ni na furta kalmar nan, ko kunya ban ji ba sai da ta fita.

Makon jiya ba ta gaya wa kowa ba ta hau mota ta tafi Damagaram wajen likitan ido. Jiya da la'asar ta zo shago da kyamarar a naɗe cikin ɗankwali, ta ajiye mini a tebur. Akwai wata Hajiya a Dawce, ƙawar Innarmu ce tun ƙuruciya, za ta aurar da autarta ranar Asabar, kuma duk da surutun da ake yi ta ce Rabi ce za ta ɗauki hoton cikin gida. Rabi ta ce in taimaka in kira Hajiya in ba ta haƙuri, ita ba za ta iya kallon idonta ba, kuma ba za ta ɓata wa yarinyar mutane ranar da ba ta maimaituwa ba. Na ce haba, ki ƙara ƙoƙari mana, kamar ba ni ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Likita ya ce idona lafiya lau. Hannun ma na gwada shi, ruwan ba ya zuba. To kaina ne ba ya ɗauka, Yaya. Da kyamarar ce ke da laifi, ai da kai ka fara gaya mini." Ta ce in riƙe kyamarar, a hannuna za ta fi amfani, ita ta yi magana da wata maƙwabciya za ta riƙa ara mata keke in ta gama nata ɗinkin.

Tana fita na jawo aljihun tebur, na cire na ƙarfen na sa na robar. Na nuna ta ga wani mai lemo da ke wucewa, na taɓa maɓallin. Tit. Har zufar goshinsa ta fito. Wata bakwai na wahalar ƙanwata, gyaransa bai kai minti ɗaya ba.

Yanzu ga inda na tsaya. In na kai mata na ce gwada wannan, Rabi ba wawiya ba ce, tana jin tit ɗin nan za ta tuna Damagaram, ta tuna mai shagon da ya yi shiru, ta tuna matar da ta yi wa rashin kunya saboda ni. In na ce ban sani ba, wa zai yarda mai shekara ashirin a sana'a bai sani ba? Kuma ƙarya ce a kan ƙarya, na gaji da su. Na yi tunanin in ɗora wa mai shagon, shi da ya so ya faɗi gaskiya na hana shi. In kuma na faɗa mata komai, da wane ido zan kalle ta? Inna za ta ji, ita da ta ce in raka ƙanwata. Yaranta da take sa wa su riƙa yi wa kawunsu addu'a saboda ya ba uwarsu gilashinsa, su ma wata rana za su ji. In na yi shiru na kira Hajiya, to na zauna lafiya da kowa, Rabi kuma za ta ƙare rayuwarta kan keken aro tana ganin kanta daƙiƙiya, alhali ta fi ni ido nesa ba kusa ba. Wannan ma yau na fara faɗarsa, kuma ku na faɗa wa, ba ita ba.

Ban kira Hajiya ba har yanzu. Kyamarar tana gabana da gilashinta na asali a jiki, na cika batirin, ɗankwalin Rabi yana ninke a gefe. Daga shagona zuwa gidanta ba nisa, yau sau biyu ina rufe shago in kama hanya, ina kaiwa kwanar masallaci in juyo. Asabar ce bikin. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?