Ƙafar Giwa a Falon Surukina

Litinin, 3 ga Maris

Kwana biyar da sallamo ni daga asibiti. Auta ta nace sai a gidanta zan yi jinyar ƙugun nan. Gidan mutumin da na ce kada a ba shi ita. Ya san na faɗa, na san ya sani. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba ni da aiki sai zaman falo. Akwai wata shuka a lungu, gindinta a kumbure kamar tulu, ganyenta sirara sun zubo kamar kan da aka tsefe. Wai ƙafar giwa ake ce mata. Kullum kafin surukin nawa ya tafi kantin maganinsa sai ya ɗura mata ruwa kofi biyu. Shekara talatin na yi ina koyar da aikin gona, na san shukar da ruwa ke ci. Na yi shiru. Ba gidana ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

Na danna gindin, gefe ɗaya ya fara laushi. Auta ta ce, "Baba, ta mahaifiyarsa ce. Ita kaɗai ya ɗauko bayan rasuwarta." To.

Lahadi, 16 ga Maris

Ya zo da kofinsa, na ce, "Ajiye. Kashe ta kake yi." Haka maganar ta fito, ba gishiri. Na zaci zai fice. Sai ya durƙusa ya ce, "Baba, yaya zan yi?"

Muka zare ta daga tukunyar. Shi ke yanke saiwoyin da suka ruɓe, ni ina nuna masa da sanda. Sabuwar tukunya mai huji a ƙasa, yashi da yawa, muka kai ta bakin taga inda haske yake. Na ce masa gindin nan randarta ce, kada ya ba ta ruwa sai ya tura yatsa ya ji ƙasar ta bushe ƙamas.

Laraba, 2 ga Afrilu

Taku ashirin ba sanda. Shukar kuwa ganye uku ta zubar. In ta mutu, da wane ido zan dube shi?

Juma'a, 25 ga Afrilu

Sabon ganye ya leƙo ta tsakiya, kore shar. Shi ya fara gani, ya zo ya kira ni ko takalmi bai gama sawa ba. Yanzu in ya dawo da yamma yakan zauna. Ashe yana da hira. Auta ta ce mun mai da ita baƙuwa a gidanta.

Talata, 6 ga Mayu

Ya rufe kanti ya kai ni asibiti. Likita ya ce ƙashi ya kama. Malamar jinya ta miƙa masa katina, ta ce, "Baba, ɗan nan naka yana ji da kai." Ban gyara mata ba. Mutane na jira a layi, ba lokacin dogon bayani.