Zanen Hulata a Jikin Atamfa

Laraba da dare, Tudun Wada, 1976

Barci ya ƙi zuwa. Yau a kasuwa na ga zanen hulata, gadon mahaifina, a jikin atamfa. Bara wani baƙo daga wata masaƙa ya yaba hular, na cire na ba shi. To, baƙo ya yaba abu ka hana shi?

Na kai kuka wurin Sani akawu, ɗan ƙanena. Ya ce, "Baba, masu masaƙar sun yi rajistar zanen a Ikko, ya zama nasu. Yawan rajistar nan alamar arzikin ƙasa ce."

Arzikin wa? Wai in na sake ɗinka shi, ni ne ɓarawo. Ya Allah, ido ya yi rauni, zanen nan kaɗai hannuna ya haddace. Gobe ma shi zan ɗinka, su zo su kama ni.