Kwalbar Ɗaya ga Agusta

Villarrica, 4 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Delfina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Evaristo da jikoki, da fatan sanyin bana bai tayar miki da ciwon gwiwa ba.

Kada ki aiko mini da kwalbar carrulim bana. Na san yanzu kin fara tsinkar ganyen ruda kina jiƙawa cikin giyar rake da lemun tsami, shi ya sa na yi hanzarin rubutowa.

Wata huɗu ke nan rabona da giya. Ban gaya miki ba don na san bakinki. A watan Maris na je asibiti da wani nauyi a gefen dama, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki. Likita ta ce kitse ya lulluɓe hantata, har ta fara tabo. Kin san ko wace ce likitar? Zunilda Cabañas, wadda a da ke zama a bencin ƙarshe a ajina, wadda na taɓa rubuta wa a takardar jarrabawa cewa ta nemi miji ta huta. Shekara talatin da huɗu ina koyar da tarihi, na yaye 'yan majalisa biyu da ɓarayi ba adadi, ban kuma cika iya bambance su ba. Babu ko ɗaya da ke gaishe ni a hanya. Ɗan hakin da na raina, ga shi yau shi ke duba mini ido.

Ta ce, "Malam, hanta ba ta da riƙo. In ka daina cutar da ita, tana yafewa. Amma akwai inda in an wuce ba a dawowa, kai kuma kana bakin wurin." Za a sake gwaji ranar talatin ga Agusta.

Yanzu abincina wake da kabewa da kifi gasasshe, da ganye kamar zomo. Rogo guda ɗaya, ba faranti ba. Babu soye-soye, babu kitsen nama, kofi ba sukari. Kullum da hantsi ina zagaya tafkin gari sau biyu, kamar jakin da ya ɓatar da mai shi.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Fulgencio


Pilar, 11 ga Yuli

Yaya Fulgencio,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso. Na karanta na yi kuka, na sake karantawa na yi fushi. Wata huɗu! Da sai dai a aiko mini in zo jana'iza ke nan? Kai dai har ka mutu ba za ka daina girman kai ba.

Wake da kabewa ba su kashe kowa ba, ka ci. Dama tumbin nan naka ya riga ka shiga ɗaki. Evaristo ya ce in gaya maka zai ba da komai ya ga Babban Malami yana tauna latas.

Amma zancen kwalba, ka bar shi. Carrulim ba giya ba ce, magani ne. Kurɓi bakwai ne kawai, da sassafe kafin ka ci komai, sau ɗaya a shekara, ranar ɗaya ga Agusta. Kai da ka karanta littattafan duniya, ka manta abin da kowace mai sayar da ganye a kasuwa ta sani? Agusta wata ne mai kwashe ramammun shanu da tsofaffi. Shekararka saba'in da ɗaya, ga shi ka ce kana ramewa, ka haɗa biyun ke nan. Shekarar da Baba bai sha ba ita ce shekarar da ya tafi, sha tara ga Agusta. Inna ta sha gaya mini. Tun da ta rasu ni ke haɗa maka, ban taɓa fashi ba, kuma ba ka mutu ba, ko ka mutu?

Ita Zunilda taka yarinya ce. Kakarta ma tana sha, na rantse.

Zan haɗo maka da ganyen boldo, shi ke wanke hanta.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarka,
Delfina


Villarrica, 19 ga Yuli

Delfina,

Ina gaishe ki, ina kuma gode wa Evaristo da dariyarsa. Ki ce masa nasa tumbin na jiran sa.

Boldo ki riƙe abinki. Shekara arba'in ina cin kitse da rana, in kora da giya, in bi da boldo, ina ganin na biya hanta hakkinta. Kamar mai dukan jaki ne yana shafa masa baya. Zunilda ta ce babu ganyen da ke wanke abin da ba a daina zubawa ba, wasu ganyen ma ƙara wa hanta aiki suke yi.

Yanzu zancen Baba. Shekararki shida lokacin, ni sha biyar, kuma ni ke kwashe masa kwano. Ba mantuwa ce ta hana shi shan carrulim ba. Ranar ɗaya ga watan Inna ta kai masa ƙoƙon har baki, ya kasa haɗiyewa. Idonsa ya yi ɗorawa tun watan Mayu, cikinsa ya kumbura kamar tulu, ƙafafunsa ba sa shiga takalmi. An kai ki gidan Gwaggo Eulalia ne don kada ki gani. Ba Agusta ne ya ɗauke shi ba, Delfina, kwalbar da ke bayan buhun masara ce, wadda yake ziyarta kullum. Inna ta ɗora wa wata laifi don ya fi sauƙin faɗa wa maƙwabta, ni kuma na yi shiru shekara hamsin da shida. Har tarihin gidanmu ban koyar daidai ba.

Kin ce kurɓi bakwai ne kawai. Ga wasu haka ne. Ni ɗan Baba ne. Bara na fara da bakwai ɗinki da safe, kafin rana ta faɗi babu komai cikin kwalbar sai ganye. Haka bara waccan. In na buɗe bana, ban san ranar da zan rufe ba.

Ina roƙon ki, abin da ban saba yi ba. Kada ki aiko.

Yayanki,
Fulgencio


Pilar, 28 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta. Na je maƙabarta na daɗe a tsaye bakin kabarin Inna.

Kwalbar tana cikin kwalin nan, direban motar safe zai miƙa maka. Shekara talatin da ɗaya ban yi fashi ba, ba zan fara bana ba. Ka sha ko ka zubar, ruwanka.

Allah ya tsare.

Delfina


Villarrica, 3 ga Agusta

Zuwa ga Delfina, ƙanwata, wadda ta fi ni wayo,

Ina gaishe ki. Zan gaya miki komai yadda ya faru, don kada ki ji daɗi rabi-rabi.

Da kwalin ya iso na zage ki, zagin da tun muna yara ban yi miki ba. Na ce zan zubar a magudana. Ban zubar ba. Na ɗora ta kan kabad, da reshen rudan nan da kika ɗaure a wuyanta, na ce ai mai ilimi ba ya tsoron kwalba. Kwana uku ina cin wakena tana kallona.

Jajibirin ranar maƙwabcina Crispín ya leƙo ta kan shinge. Ya ce, "Malam, gobe fa ɗaya ga wata. Ko zomaye ba sa sha?"

Na ce, "Zomaye sun fi ka tsawon rai, tsohon banza."

Ya ce, "To ka bar mini wasiyyar littattafan nan, ina neman abin hura wuta."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Da gari ya waye iskar nan ta Agusta ta taso, na ji ƙasusuwana duk sun yi sanyi. Na tuna Baba, na tuna sha tara ga wata. Ni da na rubuta miki wasiƙa mai cike da hujja, sai ga ni tsaye gaban kabad ba takalmi. Ban sani ba ko tsoron Agusta ne ko ƙishi ne ya ari rigar tsoro. Na ce kurɓi ɗaya. Na cire murfin, na rufe ido, na kafa kai.

Ruwa! Ruwan rijiyarki, da lemun tsami da ɗan zuma. Ko ƙamshin giya babu, sai na rudan da ke ɗaure a waje.

Na zauna a ƙasa, Delfina. Da farko haushi ya kama ni, kamar wanda aka yi wa sata. Sai na gane abin da na yi niyya, da inda zan kasance yanzu da a ce abin da na zata ne a ciki. Daga nan na yi abin da zai sa ki dariya har ki mutu: na ƙarasa sauran shidan, ina ƙirgawa.

Na gaya wa Zunilda jiya, ban ɓoye komai ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce wata biyar ɗina suna nan daram, amma daga yau kada kwalba ta sake kwana a gidana, ko ta waye. Ta kuma tambayi ajin da kika gama. Na ce aji uku na firamare. Ta ce, "Malam, a gidanku ma ba ka iya ba da maki ba."

Me ya sa ba ki gaya mini ba?

Yayanki,
Fulgencio


Pilar, 9 ga Agusta

Yaya,

Gaisuwa. Da na gaya maka, da ka tsaya yi mini lacca, ka bar ta kan kabad, ranar kuma in abin ya motsa ka tafi gidan Crispín, shi kuwa tasa ba ruwa ba ce. Na san za ka buɗe. Ni ma 'yar Baba ce, na san idon gidanmu.

Kuma ka sha bakwai, hankalina ya kwanta. Ka ci wakenka.

Allah ya kai mu ƙarshen wata.

Delfina


Villarrica, 1 ga Satumba

Delfina,

Ina gaishe ki da kowa da kowa.

Sakamako ya fito. Jinin ya gyaru sosai, kitsen ya ragu, tabon bai ƙaru ba. Zunilda ta ce in ci gaba yadda nake, sai bayan wata shida. Na huda sabon rami a bel ɗina, na uku ke nan.

Agusta ya wuce. Saniyar Crispín kawai ya ɗauka, ramammiyar nan.

Baɗi ki aiko irin ta bana. Ki rage zuma, an hana ni zaƙi.

Yayanki,
Fulgencio