Na Canja Fentin Falonka

Baban Ladi,

Gaisuwa daga Kafanchan. Na san ba za ka karanta wannan ba, to amma ko da kana da rai ai sai na maimaita magana kafin ka ɗago kai daga rediyo.

Muna lafiya. Citta ta yi kyau bana, Ladi ta samu koyarwa a Fadan Kaje, ƙafata kuma tana nan yadda ka bar ta. Babban labarin shi ne na yi wa falonka fenti. Kore ne mai duhu. A jikin bokitin an ce kalar zaitun, ni dai man atili na gani.

Bari in gaya maka dalili. Ƙanenka Ishaya ya zo watan jiya da bokitan fenti ruwan madara, ya jera su a baranda ko sannu da gida babu. Wai ɗansa zai yi aure a Kirsimeti, kuma a nan za a sa amarya, tunda mata kaɗai na haifa maka. Ni in koma ƙauye. Ka ji fa? Gidan da na yi dakon yashinsa a kaina da cikin Ladi!

Washegari na shiga kasuwa na tambayi Alhaji mai fenti wace kala ce ta fi wuyar rufewa. Ya nuna min wannan, ya ce fari ko ruwan madara sai an shafa an sake shafawa, kuma duk da haka zai riƙa leƙowa. Matan zumuntar coci suka taya ni jan kujeru, ni na hau tebur da kaina. Mun ɓata zannuwa, mun yi waƙa, har na yi dariyar da ban yi ba tun ranar da aka sa ka a ƙasa.

Mutane suna ta surutu. Wasu sun ce ɗakin ya yi duhu, matar Ishaya ta ce na mai da gida barikin soja. Su yi ta faɗa. Da yamma in rana ta shigo ta taga, labulen nan fari da hotonka sai su fito fes, har ka fi kyau fiye da yadda kake.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ban taɓa son ruwan madarar nan ba. Duk Disamba kana shafa shi don ya tuna maka kwatas ɗin reluwe, ni ina riƙe maka tsani ina cewa ya yi kyau, saboda ina sonka. Har yanzu ina sonka, amma ina fushi da kai. Ka san halin ɗan'uwanka sarai. Me ya hana ka tara su ka faɗa da bakinka cewa gidan nan nawa ne da yarana? Ka ɗauka kunya za ta hana su?

Ishaya ya ga bangon jiya, ya fita bai sha ruwa ba. Ya aiko cewa zai kawo dattawan gida ranar Lahadi bayan sujada. Su zo. Zan dafa musu gwate, in gaishe su da ladabi. Amma kujerarka ta kusa da ƙofa, wadda ba wanda ya hau tun da ka tafi, ni zan zauna a kai.

Ka huta cikin salama. Ba yanzu zan zo ba, ina da aiki.

Matarka,
Saratu, Maman Ladi