Rigar Sanyin da Na Bar wa Seth

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ya ƙanena Seth? Muna lafiya, sai ɗan tari da bai kai a faɗa ba.

Na kai jikarki Anita kallon gasar zamiya kan ƙanƙara ta ƙasashe, cikin wani babban zaure nan Kuala Lumpur. Waje zafi, sai na shiga da 'yar shara, wai ni ɗan Jos. Haƙorana suka yi ta kaɗawa, ita ko ƙiftawa ba ta yi. Ta ce, "Baba, zan koya." Na amsa a gaban mutane, kowace Asabar ke nan ina bakin ƙanƙara.

Rigar sanyin nan da na bar wa Seth, ki tuna masa aro ce.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanki,
Gamaliel