Baƙo Ba Ya Hura Wuta a Tungar Marke

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, na zo miki da albishir game da jikarki Hadiza. Na san ba za ki karanta ba, amma ke ya kamata ki fara ji.

Kin sha ba ni labarin kafuwar garinmu. Kina yarinya aka ɗora ki a kan jaki, gida uku kuka taso saboda ƙasar noma ta yi muku kaɗan. Kuka iske fili fetal, ciyawa ta fi tsayin mutum, ba inuwa sai marke guda. Mahaifinki ya sari marken da gatari, alamar wuri ya yi mai shi. Maza suka shiga haƙar rijiya, ke kuwa kina ta kukan a mayar da ke gida.

A nan mahaifiyarki ta kafa doka: duk wanda ya zo zama, matarsa ba za ta hura wuta ba sai sun girbe geronsu na farko. Tukunyar gari ce za ta ci da su. Da haka maƙeri ya zauna, masaƙi ya zauna, har Bafulatanin da ya ce wucewa zai yi, jikokinsa suna nan. Kin ce mini ba rijiya ce ta tara mutane ba, tuwo ne.

Da aiki ya kawo Baban Hadiza Dubai, na taho da dokarku. Ɗaki biyu gare mu a unguwar Muraƙƙabat, amma duk ɗan gida da ya sauka, daga tukunyata yake ci sai ya karɓi albashinsa na farko.

Hadiza a nan aka haife ta, kuma ba ta taɓa son abin ba. Takan turo baki ta ce, "Mama, nan fa ba ƙauye ba ne, kowa yana iya odar abinci ta waya." Nakan ce mata khalas, zance ya ƙare, ɗauki kula ki miƙa. Ban lallashe ta ba, kin san halina. Yaro bai isa ya zaɓi tarbiyyar da za a yi masa ba, iyayen yanzu su ji. Amma Inna, a raina ina tsoron a hannuna dokar za ta mutu.

Bara aka yi aurenta. Mijinta yana aiki a Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman, inda ba ta da wanda za ta yi wa sannu da Hausa. Ranar Asabar muka kai musu ziyara. Na tarar da babbar tukunyar da na ba ta, wadda ta ce ta yi mata girma, cike da tuwon shinkafa. Na fara faɗa ke nan a kan almubazzaranci, sai ga wata baƙuwa 'yar Katsina ta yi sallama da yaranta. Kwanan nan aka turo mijinta aiki. Ta ce, "Hajiya, 'yarki fa ta hana ni kunna gas. Wai dokar garinsu ce."

Garinsu, Inna. Yarinyar da ko marken ba ta taɓa gani ba.

Hadiza ta sunkuyar da kai tana kwasar tuwo, ta ƙi kallona. Na ce mata miyar ta so ta yi gishiri. Sai da muka shiga mota na saki dariya, hawaye na zuba, har Baban Hadiza ya tambaya ko lafiya.

Gida biyu ne yanzu a Hatta. Ku ma da uku kuka fara.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan waɗanda suka sari marken nan da waɗanda suka tuƙa tuwon farko. Allah ya kai ladan tukunyar Hadiza kabarinki.

'Yarki mai kewarki,
Binta