Inna, Mun Iso Ba Ki Bakin Ƙofa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta ladabi, gwiwa a ƙasa kamar yadda kika koya mani, ina roƙon Allah ya sa wannan sallama ta same ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Autarki ce. Na san mutane ne za su karanta wannan a wayoyinsu, to su yi haƙuri da ni, da ke nake magana. Duk zuwan da na yi daga Kanada ke nake fara ba labarin hanya, kuma har yau ban iya ba wani ba.

Mun iso, Inna. Ni da Abban Ummi, da Ummi takwararki, da Khalil wanda ba ki taɓa goyawa ba sai dai gani ta waya. Lokacin da kika rasu takardun tafiyarsa ba su fito ba, shi ya sa zuwan namu ya kai har bayan an daɗe da yin sadakar arba'in.

A sama muka kwana. Kunnen Khalil ya toshe tun tashin jirgi, ya yi ta tsala kuka, ni kuma ina ta kai da komowa da shi a ɗan lungun da ke tsakanin kujeru, ina ba mutane haƙuri da ido. Ummi ta ƙi rufe ido saboda ɗoki. Da asuba muka sauka Kano, muka shiga mota. Dusar ƙanƙara muka baro a can, muka faɗo tsakiyar bazara. Kafin mu wuce Charanci idona ya yi kamar an watsa masa yashi. Rana ta take sosai, amma jikina ya rantse tsakar dare ne, don a can inda ya saba tsakar daren ne.

Kin san wannan ciwon fiye da kowa, ke da ba ki taɓa zuwa can ba. Tun zuwana na farko kika lura da shi, kika kuma tsara masa magani da kanki. Wanka da ruwan randa. Kunun tsamiya da ɗan ƙosai, ban da tuwo sai dare. Ki shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida inda haske yake, ki yi ta janmu da hira. Bayan azahar ki bar mu mu ɗan runtsa, kafin la'asar ki zo ki daki tafin ƙafata. Masu zuwa sannu da zuwa kuwa, a zaure kike tare su, kina cewa, "Ku dawo gobe. Yau kayansu ne suka iso, su suna hanya."

Wannan karon da motar ta shigo Ƙofar Kwaya ta tsaya a ƙofar gida, takalma na fara gani. Sun cika zaure har sun fito waje.

Yaya Binta ce ta tare mu. Ta rame, Inna. Jinyarki da ta yi ta bar mata alama a ƙarƙashin ido. Ta rungume ni a taƙaice, ta karɓi Khalil, ta ce, "Ki wanke fuska ki fito, tun safe suke jiranki." Labarin zuwana ya riga ni, kuma duk wanda ya yi wa gidan ta'aziyya a baya yana ganin ni bai yi mani tawa ba. Gaskiyarsu ne. Abban Ummi ya gaisa da maza a waje, 'yan uwansa suka ɗauke shi zuwa gidansu a Ƙofar Sauri. Daga baya na ji ya samu ɗaki mai duhu ya yi barcinsa har yamma. Na daɗe ina jin haushin wannan barcin.

Aka zaunar da ni a falo, bayana jikin bango, mata ta dama mata ta hagu. An ɗauke wuta, fanka tana tsaye. Ƙofa ɗaya ce, kuma ba ta taɓa zama babu mutum a cikinta ba. Wata ta tashi, biyu su shigo. Kun zo lafiya, ya hanya, ya yara, ya mai gidan, ya sanyin can, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙan Inna. Ina amsawa, ina ɗaga hannu, ina shafawa. Tun ina gane fuskoki har suka fara haɗe mani. Na ce wa wata tsohuwa ta gaida mijinta, sai da na ga yadda aka dube ni na tuna ya riga ki rasuwa.

Ga kwanuka. Kowa da abin da ta dafo saboda ƙauna: shinkafa, dambu, tuwon dawa da tsakar rana. Gwaggo Laraba, ƙanwar marigayi Baba, ta tura mani nata gabana ta ce, "Ci, ɗiyata, ko kin daina cin namu?" Na ci. Kowace loma kamar ana ɗora mani dutse a fatar ido.

Yaran ma ba su tsira ba. Khalil ya yi barci a hannun wannan, ya farka a hannun waccan, ya ga baƙuwar fuska ya ƙwalla ƙara. Ummi kuwa kowa so yake ya ji Hausar bakinta. A kira ta, ta durƙusa, ta ce ina wuni da safe, a yi dariya. Na ga tana layi kamar mai zazzaɓi. Ta raɗa mani a kunne cewa ƙasa tana motsi. Na ce ta daure. Abin da ni ma ake ce mani ke nan.

Bayan azahar malamar Islamiyyarku ta zo da ɗalibanta, ƙawayenki. Ta fara addu'a mai tsawo, murya a sanyaye. Na ɗaga hannu, Inna, wallahi da niyyarki na ɗaga. Ina jin sunanki, ina cewa amin. Abin da na sani bayan nan shi ne tsinin yatsan Yaya Binta a cinyata. Kaina ya faɗa kan kafaɗar Gwaggo, bakina a buɗe, an riga an shafa. Idanu duk suka dawo kaina. Daga can baya wata ta ce, ba da ƙarfi ba amma don a ji, "Zaman Turai ke nan. Ana yi wa uwarka addu'a kana minshari."

Kunya ta hana ni kuka. Na bi Yaya madafa, na ce ta taimake ni in ɗan kwanta ko kaɗan ne, kaina juyawa yake. Ba ta juyo ba, tana ta kwashe abinci. Ta ce, "Auta, mu watanni muka yi ba mu san barci ba. Ke wuni ɗaya ya gagare ki?"

Gaskiya ta faɗa. Ita ta juya ki, ta wanke ki, ta ji numfashinki na ƙarshe. Ni aka kira a waya. Na koma na zauna a gurbina jikin bango, ina jin kamar har yanzu ina cikin jirgin nan, an ɗaure ni da bel ɗin kujera, ba saukowa.

Ana kiran la'asar na duba ban ga Ummi ba. Na tambayi na kusa, suka ce tana waje. Na fita tsakar gida, babu. Banɗaki, babu. Zaure a buɗe, titi cike da babura, yarinyar da ba ta san unguwa ba, ba ta kuma iya faɗin sunan gidan da ta fito ba. Barcin ya watse daga idona lokaci guda. Na fita ba mayafi ina kiran sunanta, mai shagon kusa da mu ya ce bai ga wucewarta ba. Gidan ya hargitse, har wadda ta yi maganar minshari ta fito tana salati tana leƙa kwata.

Yaya Binta ce ta tsaya cak, ta juya ta nufi ɗakinki.

Tun isowata nake kauce wa ƙofar nan da ido. Na ɗauka a kulle take. Ashe da safe Yaya ta buɗe ta share saboda mu. Ummi tana kan gadonki, da takalminta a ƙafa, ta cusa fuska cikin filonki. Nan ta kwana a zuwanmu na baya, ƙafarta ta kai ta inda ta sani.

Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ƙanshin turaren wutarki yana nan, haɗe da na man zafin da kike shafa wa gwiwa. Carbinki yana rataye a ƙusa. Yaya ta zauna a gefen gadon, ta cire wa Ummi takalmi. Sannan ta ce, "Da jikinta ya yi tsanani na sha ɗaukar waya in kira ki, sai ta riƙe mani hannu. Ta ce in duba tukuna ko gari ya waye a wurinku, kada a tashe ki." Ta ajiye takalmin a ƙasa. "Haushi nake ji, Auta. Tana wannan halin, barcinki take lissafi."

A nan kukan ya zo mani, wanda na riƙe tun daga wata ƙasa. Yaya ta jawo ni, muka yi shi tare, a hankali don kada yarinyar ta firgita.

Ba mu samu mun daɗe ba. Aka leƙo aka ce mota ta iso daga Batagarawa, dangin mahaifiyarki ne, tsofaffi, kuma dole su juya kafin magariba. Ba mai cewa waɗannan su dawo gobe. Muka tashi Ummi da ƙyar, don in ta zarce a lokacin nan daren zai zame mata rana. Yaya ta wanke mata fuska, ta ba ta tsintsiyar laushi ta ce ta taya ta korar kaji daga tsakar gida, har na ji dariyarta.

Na koma falo. Zafin yana nan, ƙofar a cike. Amma wannan karon Yaya ta bar madafa, ta zo ta matsa tsakanina da bango, ta zauna a bayana. Ta sa baki a kunnena ta ce, "Jingina. In kin tafi zan taɓa ki." Haka muka ƙarasa wunin. Bayana a ƙirjinta, tana amsa rabin gaisuwar a madadina, in kaina ya fara sunkuyawa ta ɗan matsa mani gwiwar hannu kafin kowa ya gani. Ta taɓa ni sau da yawa, Inna. Ko sau ɗaya ba ta yi da zafi ba.

Yanzu jikina ya daidaita, ina tashi da kiran sallar masallacin unguwa kamar kowa. Sai ga shi har an fara maganar ranar komawa. Yaya ba ta ce in zauna ba, ni ma ban ce zan iya ba. Makarantar Ummi da aikina suna can, ita kuma tana nan ita kaɗai da ɗakinki. Duk inda na juya akwai wanda zan bari.

Ya Allah ka jiƙan Innata, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka hutar da ita hutun da ba a tashin mutum daga cikinsa sai zuwa Aljanna. Ka saka wa Yaya Binta da alherin da ni ba zan iya biya ba, ka ba ta 'ya'yan da za su riƙe ta yadda ta riƙe ki. Ka haɗa mu a inda ba a yin sallama. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Taki har abada,
Auta